WordPress, Joomla ko Drupal: wacce za ta fi yi maka bayanin kanta?

Wata baiwar Allah da ke kula da shafin intanet na wata ƙungiya ta taɓa kirana da sanyin safiya, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, an kulle min rubutuna. Ga kwaɗo nan a jikinsa, na danna na danna ya ƙi buɗuwa." Na ce wa ya kulle? Ta ce ita ma abin da take son ta sani ke nan. Da muka bi diddigi sai muka gano abokin aikinta ne ya buɗe maƙalar da daddare don ya gyara wata kalma, barci ya ɗauke shi, ya rufe kwamfuta bai danna maɓallin fita daga rubutun ba. Shafin nasu a kan Joomla yake, wata manhajar sarrafa shafin intanet, ita kuwa Joomla da gangan take sa wa rubutu kwaɗo muddin wani yana ciki, don kada mutum biyu su yi gyara lokaci guda ɗaya ya goge aikin ɗaya. Maganin bai kai minti ɗaya ba: mai izinin gudanarwa ya shiga wurin da aka rubuta "Global Check-in" ya saki rubutun, shi ke nan.

Abin da ya tsaya min a rai ba kwaɗon ba ne. Bayanin wannan matsala yana nan a rubuce cikin taimakon manhajar, amma matar ba ta san sunan abin da ya same ta ba, don haka ba ta san me za ta nema ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma sai ya san sunan wurin da yake tambaya.

Shi ya sa duk wanda ya zo min da maganar wace manhajar sarrafa shafi zai ɗauka, ba na fara masa da sauri ko tsaro ko yawan kayan ado. Nakan tambaye shi: bayan an gama gina shafin, mai ginin ya tafi, wa zai riƙa zama a bayan fage kullum yana sa rubutu? Wannan mutumin shi ne zai rayu da kalmomin manhajar, shi ne kuma zai danna maɓallin taimako ran da abu ya cije. A nan ne manyan ukun nan, WordPress da Joomla da Drupal, suka rabu nesa ba kusa ba, duk da cewa dukkansu kyauta ne, dukkansu da harshen shirya manhaja na PHP aka rubuta su, kuma dukkansu ƙarƙashin lasisin GPL suke, wanda ke ba kowa damar amfani da su da gyara su.

Kalma ɗaya, ma'ana uku

Kafin a je ga taimako sai an bi ta kan kalmomi, don su ne tarkon farko. Da ma kowacce tana da sunayenta daban da sauƙi, mutum ya haddace ya wuce. Matsalar ita ce suna amfani da kalmomi iri ɗaya su nufi abubuwa daban.

Ɗauki kalmar modul. A Drupal, modul shi ne ƙarin manhaja da ake ɗora wa shafi don ya iya wani sabon aiki, kamar kasuwanci ko fom na rajista. A Joomla kuwa modul ɗan akwati ne kawai da ake ajiyewa a gefen shafi ko a ƙasansa, kamar akwatin shiga da sunan mai amfani ko jerin sabbin maƙaloli. Babban ƙarin da ke cika tsakiyar shafi a Joomla sunansa kwamfonen. To shi abin da Drupal ke kira modul, WordPress fulogin take ce masa. Joomla ma tana da fulogin, sai dai nata wani ɗan ƙaramin aiki ne da ke laɓe a ɓoye, yana jiran wani abu ya faru, kamar a adana rubutu ko wani ya shiga, sannan ya motsa. Mutumin da ya saba da WordPress ya koma Joomla yana neman "fulogin ɗin hotuna" zai daɗe yana laluben inda ba a ajiye ba.

Haka kalmar bulo. Tun Disamban 2018, da WordPress ta fitar da sigar 5.0 da sabon wurin rubutu da aka yi wa laƙabi da Gutenberg, kowane sakin layi bulo ne, kowane hoto bulo ne, kowane kan magana bulo ne, ana jera su kamar mai gini. A Drupal kuwa, wadda ta riga ta amfani da kalmar da shekaru, bulo akwati ne da ake sawa a wani yanki na shafi, wato kusan abin da Joomla ke kira modul. Ka ga zancen ya zagayo. Rigar da ake sa wa shafi don ya yi kyau, WordPress da Drupal suna kiranta da suna ɗaya, "Theme", Joomla kuma tamfilet take cewa. Amma a WordPress tamfilet wani ɓangare ne a cikin rigar, wanda ke tsara kamannin wani nau'in shafi guda.

Mu masu Hausa ma muna da namu ƙarin ruɗanin, tunda "shafi" muke ce wa gidan gaba ɗaya, "shafi" kuma muke ce wa fuska ɗaya a cikinsa. In kana koya wa wani, ka tsaya ka raba masa su tun ranar farko.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne sunayen matsayi. A WordPress matsayi biyar ne na asali: mai gudanarwa, edita, marubuci, mai ba da gudummawa, da mai rajista. Wanda aka ba matsayin marubuci, wato "Author", yana iya rubutawa ya wallafa nasa da kansa, ya ɗora hotuna, ba tare da kowa ya duba ba. Mai ba da gudummawa ne ke rubutu ya jira a amince, shi ko hoto ba a ba shi damar ɗorawa ba. A Joomla akwai rukunin masu amfani tara tun daga girkawa, kuma a can "Author" yana rubutu ne kawai, ba ya iya wallafawa. Edita ma gyara yake yi, sai mai matsayin "Publisher" ne ke sakin rubutu ga jama'a. Yi tunanin wanda ya saba da Joomla ya koma WordPress, ya ɗauki sabon ɗan koyo ya ba shi "Author" yana zaton ya ɗaure masa hannu. Washegari zai tarar da rubutun da ba a tace ba a fuskar shafi. Drupal kuwa ba ta cika yanke maka hukunci ba: akwai baƙon da bai shiga ba, akwai wanda ya shiga da sunansa, akwai mai gudanarwa, akwai editan rubutu, sauran matsayai kai za ka ƙirƙira, ka zauna gaban wani dogon tebur na ƙananan akwatuna kana zaɓar wa zai iya me.

WordPress: kalmomi kaɗan, taimako a ɓoye

WordPress ta fito a watan Mayun 2003, Matt Mullenweg da Mike Little suka gina ta a kan wata tsohuwar manhajar rubutun yau da kullum mai suna b2. Wannan asalin har yau yana jikinta, kuma shi ne dalilin sauƙinta. Abu biyu kawai sabon shiga yake buƙatar rabewa: "Post" da "Page". Na farko rubutu ne mai kwanan wata, sabo yana ture tsoho ƙasa, ana sa shi a rukuni, ana liƙa masa alamomi. Na biyu shafi ne tsayayye wanda ba ruwansa da kwanan wata, irin "Game da mu" ko "Tuntuɓe mu". Rukuni yana iya samun 'ya'ya a ƙarƙashinsa, alama kuwa ba ta da uwa ba ta da 'ya. Wanda ya riƙe waɗannan huɗun ya iya rabin aikin yau da kullum. Manhajar ma da kanta tana koyarwa da misali: da ka gama girkawa za ka tarar da rubutun gwaji ɗaya da shafin gwaji ɗaya suna jiranka, ka buɗe ka ga bambancinsu.

Taimakon cikin gida fa? Yana nan, amma mutane da yawa sun shekara suna aiki ba su taɓa ganinsa ba. A can saman allo ta hannun dama akwai wasu 'yan maɓallai biyu masu launin toka, ɗaya "Screen Options", ɗaya "Help". In ka danna na biyun sai wani labule ya sauko da bayanin allon da kake kai, ba na wani wuri ba. A jerin rubuce-rubuce, misali, zai gaya maka me kowane ginshiƙi yake nufi, me zai bayyana in ka ɗora linzami a kan take, da yadda za ka gyara rubutu da yawa a lokaci guda. Bayanin gajere ne, a cikin manhajar yake, ba sai an fita waje ba, a gefensa kuma akwai hanyar zuwa cikakkun takardu da dandalin tambaya. Na farkon kuwa, wato "Screen Options", shi ne maganin kukan nan na "wani akwati ya ɓace min". Sau da yawa bai ɓace ba, cire masa alamar zaɓi aka yi a wannan wurin.

Ga inda nake da ƙorafi. Wurin da mutum ya fi daɗewa, wato wurin rubutu na bulo, babu wannan labulen a cikinsa. Abin da ke akwai shi ne ɗan jagoran maraba mai 'yan hotuna da ke fitowa karon farko, wanda kusan kowa yake rufewa bai karanta ba, sai jerin gajerun hanyoyin madannai, sai wata mahaɗa da ke fitar da kai zuwa shafin WordPress. Duk suna ƙarƙashin ɗigo uku da ke kusurwar sama. Dabara mafi amfani a wurin, wato ka buga alamar / a sabon layi jerin bulo ya fito ka zaɓa, a cikin wani ɗan rubutu mai dishi-dishi aka faɗe ta.

Sannan tun daga sigar 5.9 a Janairun 2022, WordPress ta zama kamar gida biyu a fili ɗaya. In rigar shafinka ta tsohon salo ce, za ka ga wurin wijet, wato ƙananan akwatunan gefen shafi, da wurin gyaran kamanni da aka saba. In ta sabon salon bulo ce, waɗannan sun kau, wani editan shafi gaba ɗaya ya maye gurbinsu. Sai mutum ya samo bayani a intanet, an ce masa ya shiga wuri kaza, ya duba sama da ƙasa babu wurin. Ba shi ne ya yi kuskure ba, bayanin na ɗaya gidan ne. Ƙari a kan haka, kowane fulogin da ka ɗora yana zuwa da nasa yaren da nasa allon, wasu sun rubuta taimako mai kyau, wasu ko layi ɗaya babu. Akwai kuma rikicin suna tsakanin WordPress.org, inda ake sauke manhajar, da WordPress.com, hidimar da kamfanin Automattic ke gudanarwa. Allonsu ba ɗaya ba ne a ko'ina, don haka ka tabbatar bayanin wanne kake karantawa.

Abin da ke rufa wa WordPress asiri shi ne yawan jama'a. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta suke, saboda haka da wuya ka yi tambayar da wani bai riga ka yi ba. Taimakonta na gaskiya a waje yake, a bakin mutane.

Joomla: sai ka gane menu

Joomla ta ɓalle daga wata manhaja mai suna Mambo a 2005. Sunan daga kalmar Swahili "jumla" aka samo shi, wadda kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba, ma'anarta gaba ɗaya ko a dunƙule.

A nan duk rubutu maƙala ce, ko labarin yau ne ko "Game da mu". Kowace maƙala tana zaune a rukuni ɗaya tak, in kana son ta bayyana ta wasu fuskoki sai ka haɗa da alamomi. Zuwa nan babu wuya. Wuyar tana wurin da sabon shiga ya rubuta maƙala, ya adana, ya wallafa, ya buɗe shafin yana murna, ya ga wayam. A Joomla rubuta maƙala ba ya haifar da shafi. Menu ne ke haifar da shafi. Sai ka je ka ƙirƙiri abin menu, ka gaya masa nau'insa: maƙala guda zai nuna, ko dukan maƙalolin wani rukuni a jere, ko waɗanda aka zaɓa don fuskar farko. Wannan abin menun shi ke yanke adireshin shafin, shi ke yanke tsarinsa, kuma da shi ake ɗaure modul, a ce akwatin nan ya fito a nan kada ya fito a can. Ranar da mutum ya gane wannan, Joomla ta buɗe masa gaba ɗaya. Kafin ranar kuwa komai a hagunce yake ganinsa.

Wataƙila saboda masu Joomla sun san da wannan tudun ne suka fi kowa ƙoƙari wajen taimakon cikin gida, kuma a ganina a yau su ne gaba. Hawa uku ne. Na farko maɓallin "Help" da ke layin maɓallan sama a kusan kowane allo. Yana buɗe taga mai bayanin allon gurbi bayan gurbi, har da hotuna. Cikakke ne ƙwarai, har yakan yi yawa, kuma daga shafin takardun Joomla ake janyo shi, don haka in intanet ta yanke ba ka da shi. Na biyu maɓallin "Toggle Inline Help" da ya zo a zamanin Joomla 4: ka danna, ɗan bayani ya fito ƙarƙashin guraben da ke allon saiti, ka sake dannawa ya ɓace. Mai koyo ya kunna, gwani ya kashe, ba wanda ya takura wa wani.

Na ukun shi ne ya fi burge ni. Daga sigar 4.3 a 2023 aka sa abin da suka kira "Guided Tours", wato zagaye da ɗan jagora. Ka zaɓi, misali, yadda ake ƙirƙirar maƙala. Allo zai dushe, maɓalli ɗaya ya yi haske, ɗan akwati ya ce danna nan. Ka danna, ya kai ka gurbin take ya ce rubuta take, ya bi da kai har ka adana. Ba bidiyo kake kallo ba, aikin kake yi da hannunka a kan shafinka na gaske. Akwai irinsa na rukuni, na menu, na masu amfani. Abin da ya fi wannan, mai gudanarwa yana iya rubuta nasa zagayen da kalmominsa. Ƙungiyar da ke sauya ma'aikata a kai a kai za ta iya shirya zagaye ɗaya na "yadda muke sa sanarwa a nan", da harshen da ma'aikatan suke ji, kowane sabon zuwa ya bi. Da abokin aikin matar nan mai kwaɗo ya sami irin wannan, da an nuna masa tun farko cewa ba a fita daga maƙala sai ta ƙofa.

Raunin Joomla shi ne jama'arta ba su kai na WordPress ba, kuma bayanai da yawa da ke yawo a intanet na Joomla 3 ne, alhali fuskar bayan fage ta sauya sosai da fitowar Joomla 4 a Agustan 2021. Kafin ka bi wani bayani, duba lambar sigar da aka rubuta shi dominta.

Drupal: yaren magina

Drupal ce babbar yaya, tun Janairun 2001 Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya sake ta. Kalmominta ba na marubuci ba ne, na mai gini ne, kuma ba ta ɓoye hakan. Kowane rubutu nod ne, har adireshinsa na asali yakan zama node da lamba, sai ka ba shi laƙabi mai daɗin karantawa. Kowane nod yana da nau'i, kowane nau'i yana da gurabe da kai ka zaɓa masa. Rarraba abubuwa kuma sunansa takzonomi, a cikinsa akwai ƙamus, a cikin ƙamus akwai kalmomi. Sannan ga Views, wanda ya shiga cikin uwar manhajar tun Drupal 8 a Nuwamban 2015, shi ke zaƙulo abubuwa daga rumbun bayanai ya jera su yadda ka umarta.

Da jin wannan wani zai ja da baya, amma bari mu ga amfaninsa a aikace. A ce makaranta ce ke son jera darussanta. A Drupal sai a ƙirƙiri nau'i mai suna "Darasi", a ba shi gurbin malami, gurbin zango, gurbin yawan sa'o'i, gurbin sashe. Mai shigar da bayani ba zai ga farin fili ya rasa ta inda zai fara ba, fom zai gani ya cike. Kuma kowane gurbi yana da wurin da mai gini zai rubuta ɗan bayanin taimako da zai fito a ƙarƙashinsa: "Rubuta sunan malami cikakke, ban da laƙabi." Wannan shi ne taimako mafi amfani da na sani a kowace manhaja, don a daidai wurin da hannu yake aka ajiye shi, kuma da bakin mutanen gidan aka rubuta shi. Joomla ma tana da gurabe na musamman tun sigar 3.7, WordPress kuma akan samu ta hanyar fulogin, amma a Drupal shi ne ginshiƙin komai.

Taimakon da ya zo da ita kuwa yana da nasa wurin a layin gudanarwa, "Help", a ƙarshen jeri. Ciki akwai bayanin kowane modul da aka kunna, me yake yi da yadda ake amfani da shi, akwai kuma batutuwa da aka tsara bisa aiki, irin yadda ake ƙara gurbi ko yadda ake saita izini, waɗanda suka fara a matsayin gwaji kafin a haɗe su da babban taimakon a zamanin Drupal 10. Duk a cikin shafinka suke. A saman allunan gudanarwa da yawa ma akwai ɗan sakin layi da ke faɗin aikin allon. Sai dai bayanin yana ɗauka ka riga ka san yaren. Zai ce maka ka haɗa gurbi da wani nau'in "entity", in ba ka san mece ce ita ba, ka karanta sau uku ba abin da zai ƙaru. Jagoran masu amfani na Drupal yana da ƙamus na kalmomin a ƙarshensa, ni kuwa shawarata a fara da shi kafin a taɓa komai. Drupal ta taɓa samun nata zagayen jagora, modul mai suna Tour, amma an cire shi daga uwar manhajar a Drupal 11 da ta fito a 2024. Mai so sai ya ɗora shi daban. A Janairun 2025 kuma an fitar da Drupal CMS, wani shiri da aka haɗa don sauƙaƙa wa waɗanda ba magina ba, sai dai kalmomin da ke ƙarƙashinsa su ne dai na da.

Wani abu da duk ɗan Drupal ya sani: ka yi gyara, ka duba, ba ka ga canji ba. Kafin ka tayar da hankalinka, je ka share ma'ajiyar wucin gadi, wato inda take ajiye kwafin shafuka don saurin buɗewa, a ɓangaren "Performance". Tambayar farko ke nan da za a yi maka in ka kai kuka.

To wacce za ka ɗauka?

In kai kaɗai ne, ko ku biyu zuwa uku, abin da kuke yi kuma rubutu ne da hotuna, labarai ko ra'ayi ko tallan sana'a, ɗauki WordPress kada ka wahalar da kanka. Kalmominta za ka haddace su a yini ɗaya, inda taimakon ciki ya gaza kuma jama'a za su cike. Abin da zan roƙe ka kawai, ka san wace irin riga ka sa, tsohon salo ko na bulo, kuma kada ka tara fulogin ashirin kowanne da yarensa.

In ƙungiya ce mai hawa-hawan izini, wannan ya rubuta, wancan ya tace, wani ya wallafa, ko shafin zai fito da harshe fiye da ɗaya, kuma babu ƙwararren da zai zauna tare da ku, Joomla ta cancanci a duba ta da kyau fiye da yadda ake yi mata. Tsarin izini da na harsuna da yawa a cikinta suke tun asali, zagayen jagoran nan kuma zai rage muku koyarwa. Sharaɗin shi ne mutum ɗaya aƙalla ya zauna ya fahimci alaƙar maƙala da menu da modul har ya iya bayyana wa wani.

In bayananku masu tsari ne, dubban abubuwa masu gurabe iri ɗaya da ake son tacewa da jerawa ta hanyoyi daban-daban, kamar kundin littattafai ko jerin darussa ko taskar takardu, Drupal ce. Amma kada ka shiga sai da magini, kuma ka sa a cikin yarjejeniyarku cewa zai rubuta bayanin taimako ƙarƙashin kowane gurbi, ya kuma ɓoye wa masu shigar da rubutu duk allon da ba nasu ba. Drupal da aka gina da kyau ta fi sauran biyun sauƙi ga mai shigar da bayani. Wadda aka gina aka watsar kuwa, mai ita zai riƙa jin tsoron taɓa ko'ina.

Kafin ka yanke, ba a fafe gora ranar tafiya. Ware awa ɗaya ga kowacce. WordPress tana da Playground da ke tashi a cikin burauza ba tare da girka komai ba. Joomla tana ba ka damar zuba bayanan gwaji da dannawa ɗaya. Drupal tana da shafin nuni mai suna Umami da ake zaɓa lokacin girkawa. Kada kai ka zauna a kujerar. Zaunar da wanda zai riƙa aikin kullum, ka ba shi ayyuka biyar: ya sa rubutu da hoto, ya yi shafin "Game da mu" ya sa shi a menu, ya ƙirƙiri rukuni, ya buɗe wa wani asusun da zai rubuta amma ba zai wallafa ba, sannan ya dawo da rubutun da ya jefa kwandon shara ko ya janye daga idon jama'a. Ka hana shi tambayarka, ka hana shi bincike a waje, abin da ke cikin manhajar kawai zai dogara da shi. Kai kuma ka koma gefe da takarda, kana rubuta duk kalmar da ya tsaya a kanta yana ɗaure fuska, da minti nawa ya ɗauka kafin ya wuce ta.